Tambaya da Amsa: Mu huɗu ne, kowa da garinsa, yaya za mu yi kiɗa tare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muka taso unguwa ɗaya a Zariya, tun muna sakandare muke kiɗa tare a zauren gidanmu. Yanzu neman abinci ya raba mu. Ni ina nan gida, ni ke waƙa. Mai fiyanonmu yana Agege a Legas, mai kalangu ya koma wajen dangin mahaifiyarsa a Maraɗi, mai jita kuma yana aiki a Jidda. Mun yi niyyar kafa ƙungiya ta sosai mu fitar da waƙoƙi. Sau uku muna gwadawa ta kiran bidiyo, kowane karo kiɗan sai ya watse, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke baya, har an fara jin haushin juna. Data ce ba ta isa ba, ko wayoyinmu ne? Daga wani makaranci a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Kafin komai, kira abokanka ku yafi juna, don babu mai laifi a cikinku. Mai kalangun nan bai manta hannunsa ba, kai ma kunnenka lafiya lau yake. Kada kuma ku zuba kuɗi wajen sayen sabuwar waya ko ƙarin data saboda wannan, ba nan ciwon yake ba.

Ka taɓa hango mata suna daka daga nesa? Kana ganin taɓarya ta sauka cikin turmi, sai an ɗan jima ƙarar ta iso kunnenka. Sauti tafiya yake yi, a cikin iska yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Matan da ke lugude a turmi guda ba sa karo saboda suna kusa da juna, bugun kowacce na isa kunnen 'yar'uwarta nan take. Ɗauke ɗaya ka kai ta ƙarshen unguwa, ka ce ta bi sahun sauran da kunne kawai, ka ga yadda luguden zai lalace. Abin da ya same ku ke nan.

Mu masu aikin sauti da milisakan muke auna wannan jinkiri, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Makaɗa na iya riƙe kiɗa tare muddin jinkirin bai wuce milisakan 25 zuwa 30 ba, kwatankwacin mutum biyu da ke tsaye da tazarar mita 10. Da zarar ya haura haka, kowa sai ya riƙa jiran ɗan'uwansa bai ma sani ba, kiɗan ya yi ta jan ƙafa har ya mutu. Kiran bidiyo kuwa don hira aka gina shi, jinkirinsa ya ninka wancan sau da yawa, balle a kan layin waya. Ga shi kuma manhajar tana ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya, tana danne shi don muryar mai magana ta fito.

Ko da kowannenku na da intanet mafi ƙarfi, akwai iyakar da ba a tsallakewa. Saƙo a cikin igiyar gilashin da ke ɗauke da intanet yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, ma'ana kowane kilomita 1,000 na cin milisakan 5. Kuma ba miƙaƙƙiyar hanya yake bi ba. Sau da yawa abin da ya tashi daga Arewa zuwa ƙetare sai ya gangara Legas ya shiga igiyar ƙarƙashin teku. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Legas da Fotugal, tsawonta kilomita 7,000 ne. Milisakan 35 ke nan sun tafi, tun ba a yi maganar sauran tafiya zuwa Jidda ba. Akwai manhajoji irin su Jamulus da JackTrip da aka ƙera musamman don makaɗa su yi kiɗa kai tsaye, kuma suna aiki, amma ga mutanen da ke gari ɗaya ko garuruwa makusanta, kowa da kwamfuta da intanet ta igiya. Ku da ke ƙasashe uku kuna kan data ta waya, ku ajiye wannan buri.

Ni ma na sha wannan ruwan. A watan Afrilun 2020, da aka hana fita a Kano saboda korona, situdiyon da nake aiki ya yi makonni a rufe, ga aikin wata waƙar biki da muka riga muka karɓi kuɗinta. Ni da mai kiɗanmu muka kwana biyu muna fama da kiran bidiyo ba mu samu ko baiti ɗaya ba. A rana ta uku na ce masa ya kashe kiran, ya naɗi nasa shi kaɗai ya turo mini. Kafin magariba aikin ya tsaya da ƙafarsa. Tun daga ranar, kusan rabin ayyukan da ke shigowa hannuna ban taɓa ganin masu su ido da ido ba.

To, hanyar ita ce bi-da-bi, kamar ginin ƙasa: a aza sahu, a bari ya sha iska, a ɗora na gaba. Mutum ɗaya ya naɗi tushe ya tura, na biyu ya sa abin kunne yana sauraron tushen ya naɗi nasa a fayil dabam, haka har a zagayo. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, haka ake yin yawancin waƙoƙin da kake ji ko a manyan situdiyo. Tun kafin intanet ta yi ƙarfi ma an yi: wasu Amurkawa biyu, ɗaya a Siyatil ɗaya a Los Anjelis, ta gidan waya suka riƙa aika wa juna faifan CD, kowa na ƙara nasa, har suka raɗa wa ƙungiyarsu suna The Postal Service. Faifan da suka fitar a 2003 ya sayu sama da kwafi miliyan ɗaya.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne wane ne zai aza tushen, don a nan ne nake ganin yaranmu suna kashe waƙarsu da hannunsu. Mai fiyano zai ce maka a buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a saita awon bugu, a ce 105 a minti, kowa ya bi ƙas-ƙas ɗin na'ura. In waƙar rawa ce irin ta nanaye da aka gina kan bugun fiyano, maganarsa daidai ce, ku bi shi. Amma kun ce kuna da kalangu, shi kuwa kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana sassautawa don ganga ta bi hawa da saukar muryar Hausa, tana amsa wa mawaƙi, wani lokaci ta riga shi faɗin abin da zai faɗa. Saurari faifan Alhaji Mamman Shata na da, ka lura da yadda kiɗan ke numfashi: in ya zo kan baiti mai nauyi makaɗa su ɗan lafa, in amshi ya shigo su taso masa. Babu na'urar da ta ƙirga musu wannan. In ka ɗaure mai kalangu da ƙas-ƙas, zai ba ka bugu daidai, amma gangar ta yi shiru da magana.

Ga yadda nake yi da irin wannan waƙa. Kai mawaƙi ka fara rera ta daga farko har ƙarshe kana tafi da hannu, yadda za ka yi a zaure, kada ka damu da tsabtar murya. Amma kafin ka fara, mai fiyano ya turo maka sauti ɗaya dogo na matakin da za a yi waƙar a kai, ka bar shi yana tafiya a hankali a ƙarƙashi don kada muryarka ta zame sama ko ƙasa. Wannan gwajin shi za ka tura Maraɗi. Mai kalangu ya saurare shi har ya shiga jikinsa, sannan ya kaɗa a kai yadda ransa ya ba shi. Abin da ya turo shi ne tushe na gaskiya. Mai fiyano da mai jita su ɗora a kan kalangun, da hannu, suna bin numfashinsa. Sai a ƙarshe kai ka goge muryar gwaji ka rera ta sosai, yanzu kana jin kowa a kunnenka. 'Yan amshi su zo bayan ka. Mai fiyano zai yi ƙorafi a waƙar farko don ya saba na'ura na gyara masa, ka lallashe shi, a waƙa ta biyu shi zai nemi a sake yin haka.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne, amma su ke cinye wa mai haɗa sauti dare. Kada kowa ya turo kiɗansa a matsayin saƙon murya na WhatsApp, matse shi ake yi a zubar da rabin daɗinsa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. A naɗa a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a tura ta wajen aika takardu, ko a ɗora a Google Drive. Ku yarda kan ma'auni ɗaya tun farko, wato lambobin ingancin sauti da ake saitawa a manhajar naɗi, ni 48,000 Hz da 24-bit nake sa mutanena su saita. A haka minti ɗaya na murya ko ganga ɗaya yana cin kusan megabait 9, waƙar minti 5 ba ta kai megabait 50 ba. Kowane fayil ya fara daga farkon waƙar, ko da mai jita sai a minti na biyu zai shigo, shirun nan a bar shi, da shi ake jera fayilolin su hau kan juna. A ƙirga ɗaya zuwa huɗu da tafi a farkon tushen. Abin kunne mai igiya za a sa, na Bluetooth yana da nasa jinkirin da zai sa mutum ya yi ta faɗuwa baya. Kuma a rubuta wa fayil suna mai ma'ana, sunan waƙa da kayan kiɗa da kwanan wata, don wata rana za ku tarar da fayil bakwai duk an rubuta musu "na ƙarshe".

In kuna so ku huta da yawan aike-aike, manhajar BandLab kyauta ce, tana aiki a waya, kuma tana bari mutane da yawa su shiga aikin waƙa ɗaya kowa ya ƙara layinsa. Mai kwamfuta a cikinku zai iya amfani da Audacity, ita ma kyauta ce, ko Reaper.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan wuya. A zaure, in wani ya yi kuskure kallo ɗaya ya isa, a yi dariya a gyara. A nesa kuwa rubutu ne, shi kuwa rubutu ba shi da fuska: "sake wannan" sai ya zama zagi a idon wanda ya dawo daga aiki a gajiye ya kwana yana kaɗawa. Gyara da baki za a riƙa yi, a kira mutum a faɗa masa. Ku zaɓi mutum ɗaya da kunnensa zai zama na yanke hukunci a kan haɗa sautin, sauran su ba da shawara sau ɗaya su haƙura. Ku sa wa kowa wa'adi, mako guda ya isa, kuna tuna cewa agogon Jidda yana gaban namu da awa 2. Ku gama waƙa ɗaya tak kafin ku yi maganar sunan ƙungiya da hoto da riga iri ɗaya. In kuma Allah Ya haɗa ku a gida da Sallah, kada ku ɓata kwanakin nan: ku shiga ɗaki ku naɗi tushen waƙa biyar ko shida kuna kallon juna, ku tafi da su ku yi ta ɗora gini har shekara ta zagayo.

TAMBAYA: Yaya, ina gaisuwa. Ni matar aure ce, ina rera waƙoƙin biki da na yabon Manzo, kuma maigidana ya amince in riƙa yi daga gida. Wasu mata biyu, ɗaya a Damagaram ɗaya a Kumasi, mun haɗu ta Facebook muna so mu riƙa yi wa juna amshi. Ba ni da komai sai waya. Duk abin da na naɗa sai in ji shi kamar daga cikin rijiya, ga kukan yara da na awaki. Sai na sayi makirufo mai tsada? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Ina amsawa, ƙanwata, Allah Ya saka wa maigida da alheri. Kada ki sayi komai tukuna. Wayarki ta fi ƙarfin abin da kike zato. A 2020 wani kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin makaɗan Sahel duk wata, waɗanda aka naɗa da waya aka tura ta WhatsApp, na farkon su ƙungiyar Etran de L'Aïr ce ta Agadas, kuma mutane a ƙasashe da dama suka sa kuɗi suka saya. Waya dai irin taki.

Rijiyar da kike ji ɗakin ne. Murya na dukan bangon siminti da tayil ta dawo cikin wayar, shi ne amon nan. Makirufo mai tsada ƙara jiyo shi zai yi. Nemi ɗakin da ya fi cika da kaya masu laushi, mai katifa da labule da darduma. Ni abin da na fi ba mata shawara shi ne su buɗe durowar tufafi, su ajiye wayar a tsakanin atamfofin da ke rataye, su fuskance ta su rera, a rataya bargo a bayansu. Ki gwada wannan yau ki saurari bambancin. Tazarar bakinki da wayar ta zama kamar taƙi ɗaya, ki ɗan karkata gefe don iskar baki kada ta riƙa dukan ta. Ki ɗora wayar a kan wani abu, riƙo da hannu yana shigar da ƙarar motsi. A kashe fanka, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse ki a tsakiyar baiti. In manhajar naɗin tana nuna layin ƙarfin murya, kada ki bari ya taɓa ja. Murya mai rauni ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe ba ta ɗinkuwa.

Yara da awaki kuwa maganinsu lokaci. Kowane gida na da sa'ar da yake yin tsit, wani bayan yara sun tafi makaranta, wani can cikin dare bayan maƙwabta sun kashe janareta. Ki gano ta gidanku ki riƙe ta.

Game da amshi, ke da ke jan baiti ki fara naɗa, ki bar gurbin amshin yadda yake, kina rera shi a zuci don tsawonsa ya fita daidai. Su biyun kowacce ta rera amshin sau biyu ko uku a fayil dabam-dabam. In aka jera su, mata biyu sai su zama kamar shida. Kada wanda zai haɗa muku ya daidaita muryoyin su hau kan juna tsaf kamar mutum ɗaya, ɗan saɓanin nan da ke tsakaninsu shi ke sa a ji taron mata ne a tsakar gida. Ki kuma kiyaye abu ɗaya: tunda ba ku taɓa haɗuwa ba, ku yi magana ta kiran bidiyo ki tabbatar da waɗanda kike hulɗa da su kafin ki tura wa kowa muryarki, ki kuma ajiye asalin fayilolinki a wajenki.

TAMBAYA: Malam, mun yi waƙa mu uku ta intanet, ta karɓu. Wanda ya ɗora ta a Audiomack da YouTube da sunansa ya ɗora, yanzu yana cewa tasa ce tunda shi ya biya kuɗin haɗa sauti. Ni na rubuta baitocin. Ina da haƙƙi? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Kana da shi, ɗana, kuma raina ya ɓaci da jin wannan, don na ga zumunci da yawa ya mutu a kan irinsa. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu take ɗauke da shi. Akwai na ƙirƙira, wato baitoci da karin da ake rera su, akwai kuma na naɗin da aka yi. Biyan kuɗin situdiyo na iya ba abokinka hujja a kan naɗin, amma bai mayar da baitocinka nasa ba, sai in ka sa hannu ka sallama masa a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikinka tun daga lokacin da ka rubuta ko ka naɗe shi, ba sai ka yi rajista ba.

Alherin aikin nesa shi ne yana barin sawu. Saƙon da ka fara tura baitocin, muryar gwajin da ka rera, ranar da aka tura kowane fayil, duk suna nan. Tattara su ka adana a wuri biyu. Daga nan ka fara da sulhu: sami babba da ku ukun kuke jin nauyinsa, ku zauna ko ta waya ne, a rubuta kason kowa cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Kamfanonin da ke rarraba waƙa irin su DistroKid suna da tsarin da ke raba kuɗin kai tsaye zuwa asusun kowa. In ya ƙi, YouTube na da hanyar shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da lauyoyi. Ku kuma 'yan Zariya na sama, wannan takarda ku rubuta taku tun waƙar ba ta fita ba, lokacin da babu ko kwabo a tsakaninku.

TAMBAYA: Baba, ina kaɗa gurmi amma a garinmu babu wanda zan yi ƙungiya da shi. Ina zan samo abokan kiɗa? Daga wani yaro a Gaya.

AMSA: Yaro na, gurmin naka shi zai nemo maka su. Naɗi minti ɗaya kana kaɗawa, hannunka na fitowa a bidiyon, ka ɗora a TikTok ko Facebook, ka rubuta a ƙasa cewa ka bar gurbi ga duk mai son ɗora murya ko ganga. Yi haka duk mako. Masu fiyano sun yi yawa, masu gurmi kaɗan ne, za a neme ka. Cikin waɗanda suka amsa, kada ka bi wanda ya fi yawan mabiya. Tura wa mutum uku kiɗa ɗaya, ka ga wanda ya dawo da nasa a ranar da ya ce, ka saurara ko ya bar wa gurmin wurin numfashi ko ya binne shi. Da wannan za ka fara. Ka kuma sanar da mahaifanka duk wanda kake hulɗa da shi, kada ka tura wa kowa kuɗi da sunan rajista ko alkawarin kai ka situdiyo.